Dinyoyin Duman Kawu Ɗanjimma

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya kuma rubuta wa kowane bawa iyakar inda ƙafarsa za ta taka.

Wahalarmu ta soma ne a bakin iyaka, tsakanin Kamba da Gaya, cikin shekarun nan da ruwa ya yi ƙaranci har fadamun Gummi da Bukkuyum suka tsattsage. Mu biyu ne, ni da Kawu Ɗanjimma, ƙanen Innata, mai kamun dinya a Gwashi. Fadama ta ƙafe, dinya ta daina sauka, sai wani bafatake ya ba shi labarin kogin Kwara can gaba da Yamai, inda wai tsuntsun ke rufe yashi har ba a ganin ƙasa. Tun ranar Kawu bai sake zama daram ba.

Inna ce ta rene shi bayan rasuwar iyayensu, kuma Auta take kiransa har furfura ta fito masa. Da ta ga ba ya hanuwa, sai ta ce in naɗe buzuna in bi shi.

“Ba don ka iya komi na ruwa ba,” in ji ta. “Don kai kana da tsoro, shi ko ba shi da shi. Ka maido mani shi.”

Abin da na ɗauko ke nan. Shi kuwa Kawu kayansa dinyoyin duma ne, tuli guda cikin raga, ga girma a ido amma ko tsohuwa ta ɗauke su da hannu ɗaya. Aikin shekara ne. Tun duman yana ɗanye a jikin yabanya yake ɗaure masa wuya da zare, ya riƙa lanƙwasa shi sannu sannu har ya girma da wuyan tsuntsu. In ya bushe ya kankare, ya shafe bayansa da baƙin tukunya da man kaɗe, ya sa farar ƙasa a ƙirji, jar ƙasa a baki, ya zuba yashi cikin tafi a cikinsa don ya zauna daidai a kan ruwa. Ido kaɗai ba ya yi musu. Ya ce ba zai yi abin da za a ce ya hura masa rai ranar tsayuwa ba.

A gida, yakan zuba su a tafki ya bar su kwana da kwanaki har dinya ta saba da su. Dinya tsuntsu ce mai tsananin wayo, ba ta sauka inda ba ta ga 'yar'uwarta zaune lafiya ba. Idan ta saki jiki, sai Kawu ya kifa wani babban duma a kansa, mai 'yan ƙofofin gani, ya shiga ruwa har wuya, ya yi ta matsawa kamar iska ce ke tura shi, ya kamo ƙafar guda ya ja ta ƙasa. Ɗaya ko biyu a rana, ya gode Allah. Hannuwansa duk tabon tsinin fiffikenta ne.

Jandarman da ke bakin iyaka bai san wannan ba. Ya ɗauki guda ya girgiza, ya ji yashi yana motsi.

“Me kuka ɓoye a ciki?”

“Yashi ne, ranka ya daɗe,” in ji Kawu.

“Daga Najeriya har nan, ku kawo mana yashi? Mu ba mu da shi?”

Ya ajiye shi a ƙasa ya sa gindin bindiga. Yashi ya zube. Ya fasa na biyu. Yashi. Na uku ba don bincike ya fasa shi ba, don ƙarar ta ba abokansa dariya ne. Kawu yana tsaye yana kallo. Sai da na cire hular da ke kaina, sabuwa, na miƙa, sannan aka ce mu wuce. Kawu ya durƙusa ya tsince wuyayen ya zuba a aljihu. Muka ɗauki sauran muka shiga Gaya.

A Yamai muka gane baƙunci. Gari ne babba, ana Zabarmanci ana Faransanci, mai Hausa kuwa in ya ji lafazinmu sai ya ƙara wa kaya kuɗi. Muka kwana a tasha. Wani ya ce zai kai mu wurin motar Tilaberi, ya karɓi ladansa, ya zaunar da mu gindin wata mota da ba ta da ƙafafu, ya ce direba yana zuwa. Muka yini a nan. Mai sayar da shayi ne ya ji tausayinmu, ya nuna mana inda ake hawa na gaskiya, ya kuma ba mu burodi bai karɓi komai ba. Allah Ya saka masa. A nan na fara jin kewar tuwon Inna da miyar kuka, har na ji kunyar kaina, ga ni ƙato da gemu.

A kasuwar Ayoru, can gaba da Tilaberi a bakin kogi, muka haɗu da wani mutum, Sumana. Dogo ne, mai tsabta, da agogo a hannu, yana jin Hausa sarai. Ya tsaya kan dumamen ya daɗe yana dubawa, bai yi dariya ba kamar sauran mutane. Wannan ya saye zuciyar Kawu. Ya ce yana da wuri a wani tsibiri, manyan mutane suna zuwa daga Yamai harbin tsuntsu, amma dinya ta yi musu wayo, ba ta kusantar inda bindiga za ta kai.

“In kayanka suka sauko da ita, Baba, ba za ka koma gida a ƙasa ba.”

Na ja Kawu gefe na ce, “Kawu, mu ba mu san aikin bindiga ba.”

“Su ka harbi, ba mu ba. Kai dai tsoro, awa Innarka tac ce.”

Wani tsoho mai jirgi, Baba Hamma, shi ya haye da mu. Da na waiga na ga gaɓa ta zama kamar zare, sai na tuna daga ni har Kawu babu wanda ya iya iyo a ruwa irin wannan. Kawu gwanin tafiya cikin ruwa ne, ba gwanin ninƙaya ba. Jirgin kuwa na Sumana ne.

Kashegari aka yi mana dariyar da ba a yi a kasuwa ba. Mu ruwan tafki muka sani, mai kwanciya wuri ɗaya. Ba mu taɓa tunanin ruwa mai tafiya ba. Kawu ya zuba dumamensa da bismilla, kafin ya gyara tsayuwa kogi ya kwashe su, suna juyi kamar 'yan bori, sun nufi Yamai. Yaran Sumana suna ta faɗuwa don dariya. Baba Hamma ya bi su da jirgi ya tsinto.

Kawu ya ɗaura musu duwatsu. Sai igiya ta miƙe, ruwa ya riƙa danna musu baki ƙasa, duk suka fuskanci wuri guda suna sunkuyo kamar masu gaisuwar mutuwa. Dinya ta zo ta kewaya sama, ta duba, ta wuce abinta. Rashin nauyin da ya sa suke da daɗin ɗauka, shi ya hana su zama.

“Abinci ba a banza yake zuwa tsibirin nan ba,” in ji Sumana, cikin murmushi.

Sai Kawu ya yi abin da na yi ta roƙonsa kada ya yi. Ya ɗaure igiyoyin a ƙugunsa da yatsunsa, ya kifa babban duman a kai, ya shiga tsakiyarsu a wani wuri mai yashi inda ruwan ya kai masa wuya. Da hannu yake riƙe su, ya saki wannan, ya jawo wancan, ya sa guda ta juya kamar tana kiwo. Wallahi ni da na san su tun suna yabanya, sai da na ɗauka rai ya shige su. Ba a jima ba sai ga dinya, garke guda, ta karyo fiffike ta sauko.

Aka yi sharaɗi: masu bindiga suna ɓoye cikin ciyawar gaɓa, ba mai harbi sai tsuntsu ya tashi sama sosai. Ni kuma aka ba ni wuƙa, tun da an ce malami ne ni, in riƙa bin waɗanda suka faɗo ina yankawa kafin rai ya fita.

Ban taɓa ganin ɓarna irin ta wannan tsibiri ba. Abin da Kawu ke kamawa a shekara, su kafin hantsi sun zubar da shi. Wasu tsuntsayen su faɗo da karyayyen fiffike suna jan jiki cikin ciyawa, baƙin suna shan lemo ba mai waiwaya. Da yawa nakan iske sun riga sun mutu. Sumana ya ce in bi su duka da wuƙa, don a kasuwa wuya ake dubawa.

Na ce, “Wannan mushe ne. Ba ni sa sunan Allah a kansa.”

“To kada ka sa. Yanka kawai.”

Na ƙi. Ya sa wani yaronsa ya yi, ni kuma aka daina zuba mini abincin rana. Baba Hamma ne yakan ajiye mini gasasshen kifi a ƙarƙashin jirgi, ya yi kamar ya manta da shi. Ba ya jin Hausa, ba na jin Zabarmanci, amma sahu ɗaya muke salla.

Lokacin sanyi ne. Tun asuba Kawu ke shiga ruwa, sai rana ta take ya fito, fatarsa ta yi fari ta tattare, matsattsaku a maƙale da cinyoyinsa. Ƙafafunsa suka kumbura, tari ya kama shi. Kullum ina gasa masa jiki ina yi masa magiya.

“Kawu, mu tafi gida. Inna tana can tana duban hanya.”

“Ka ga yadda sunka sauko yau? Tun da nike, ka taɓa ganin dinya ta sauka ma aikina haka?”

“Na gani. Na kuma ga inda bakin bindiga yake kallo.”

“Sama yake kallo.”

“To bari in ɗaura jan ƙyalle a duman da ke kanka, su san inda kake.”

Ya dube ni kamar na zage shi. “Abin da mutum ya gani daga gaɓa, dinya ba ta ganinai daga sama? Kai dai riƙe alƙalaminka, Malam.”

Na je wa Sumana da maganar ƙyallen. Ya yi dariya har da tafi. Ashe shi abin ya zame masa abin nishaɗin baƙi. Kowane rukuni ya zo, sai ya nuna musu ruwa ya ce, “A cikin waɗancan akwai mutum. Wa zai nuna shi?” Su yi ta nunawa da baki, da yatsa, wani ma da bindiga, suna musu. In Kawu ya fito daga inda ba wanda ya zata, a yi ta shewa. Kawu kuwa ya ji daɗi, ya ɗauka yabo ne. Na roƙi Sumana ya sa a haye da mu, ya ce jirgi yana da aiki. Na sake roƙo, ya ce ga kogi nan, bai ɗaure kowa ba.

Dinya kuwa ta soma ganewa. Kawu ya sha faɗa cewa ba a farautarta a ruwa ɗaya kwana biyu a jere, amma baƙi ba su san haƙuri ba. Ta rage sauka, in ta sauka ma sai can nesa, tana ɗaga wuya. Baƙi suka fara gunaguni.

Ran da abin ya faru, akwai wani babban ma'aikaci mai tabarau da sabuwar bindiga. Tun safe yake harbin iska, abokansa suna yi masa ba'a, suna cewa ko buhun gero aka jefa sama ba zai samu ba. Na ga fuskarsa ta canza. Sai ga 'yan dinyoyi kaɗan sun sauka a tsakiyar dumamen. Bai jira sun tashi ba. Ya miƙe tsaye ya saita kan ruwa. Na buɗe baki, ƙarar ta riga ni.

Dinyoyin suka tashi, ko gashin ɗaya bai faɗo ba. Duma guda ya tarwatse. Sauran duka suka saki, ruwa ya fara tafiya da su, sannan suka tsaya cak, don igiyarsu tana ƙugun mutum.

Da igiyoyin Baba Hamma ya jawo shi. Fuskar Kawu ba ta ganuwa, jini ne da ɓaraguzan duma da 'yan ƙananan harsasai. Yana numfashi. Abin da ya fara cewa shi ne, “La ilaha illallahu. Wa ya kashe rana?”

Kafin in gama wanke masa fuska an riga an kwashe baƙin. Mai tabarau bai ko matso ba. Na hango shi yana goge bindigarsa da hankici. Sumana ya dawo da ƙwayoyin magani a takarda ya ajiye gabana.

“Ƙaddara ce, Malam, kai ka fi ni sani. Kada ku je asibiti. Ba ku da takardar farauta, ba ku da ta shiga ƙasa. In jandarma ya ji, ku za a rufe.”

“Ba ka tsoron Allah, Sumana?”

“Ina tsoronSa. Shi ya sa ban bar ku a nan ba.”

Na ce a ba mu dumamenmu. Ya ce sun zauna a madadin abincin da muka ci. Ina ji yana gwada wa wani yaronsa ƙwarya a kai, yana tambayarsa ko ya lura da yadda tsohon ke jan igiya. Sannan ya umarci Baba Hamma ya sauke mu a gaɓar yamma, inda babu hanyar mota. Baba Hamma ya ce to. Da muka yi nisa sai ya juya jirgin ya bi ruwa, ya yi ta tuƙi har la'asar, ya sauke mu a wani ƙauye kusa da titi. Ya cire rawaninsa ya naɗe wa Kawu fuska. Ban san abin da Sumana ya yi masa a kan haka ba. Har yau ina sa shi a addu'a.

Komowa ta fi tafiya tsawo. Kawu yana bayana, hannunsa a kafaɗata. Inda muka sami masu jin Hausa, in ari allo in yi wa mata rubutun sha, a ba mu fura ko tsaba. Wata motar albasa ta ɗauke mu zuwa Yamai, yaron motar yana ta toshe hanci saboda warin ciwon. Wata mata a Dosso ta dafa ruwa da gishiri ta wanke masa, tana kuka tana magana da harshen da ba mu ji. A wani gari kuma aka kore mu daga rumfar masallaci, wai kada mu bar musu gawa.

Duk wannan Kawu bai karaya ba. Ya ce kumburi ne ya rufe idon. “Ina ganin ja-ja in na fuskanci rana. Bari shi sace, ka gani.” Wani lokaci kuma sai ya tambaye ni, “Yaron nan na Sumana, ka ga hannunai? Ba shi iyawa. Sai ya tsinke masu wuya.”

A Gaya jandarman nan yana nan. Bai gane mu ba. Ya leƙa ƙarƙashin rawanin, ya tofar da yawu, ya ce mu yi sauri mu wuce.

Sai da muka iso Gummi aka duba shi da ilimi. Wata ma'aikaciyar jinya ce, Kirista daga wajen Zuru, ana ce mata Sista Rahila. Ta zaunar da shi a benci, ta sa hantsaki tana zaro harsasan ɗaya bayan ɗaya, tana jefawa a tasa suna ƙara. Ta daɗe a kan idanun. Sannan ta durƙusa gabansa ta kama hannunsa.

“Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ciwon fuska zai warke. Idanun kuwa sun tsiyaye tun tuni. Babu abin da ya rage a ciki.”

“Ɗiyata, shekarunki nawa?”

“Baba…”

“Naɗe mani kawai. Kin yi aikinki, Allah Shi yi maki albarka. Ido nawa ne, ni na san abin da nika gani.”

Ta naɗe masa da farin bandeji, ta ƙi karɓar ko sisi. Da muka fito ya ce mini, “Yarinya ce. Ba ni buɗe shi a hannun baƙi. Sai gaban Yaya.”

Daga Bukkuyum muka taka zuwa Gwashi. Da hantsi muka shiga gari. Mutane suna fitowa suna yi mana barka, in sun ga fuskarsa sai muryarsu ta mutu. Labari ya riga mu, don mun iske Inna tsaye a tsakar gida, hannunta da garin da take tankaɗe.

Na yi sallama. Ba ta dube ni ba.

“Auta,” ta ce.

Kawu ya sauke hannunsa daga kafaɗata. Ya gyara tsayuwa, ya kakkaɓe riga. Ya sa hannu ya fara warware bandejin da kansa, a hankali, yana murmushi, har ya faɗi ƙasa. Rana tana dukan fuskarsa. Inna tana gabansa, in ya miƙa hannu zai taɓa ta.

Ya juya dama. Ya juya hagu. Ya tsaya yana fuskantar rumbu.

“Yaya, fito waje mana. Mi kika yi cikin ɗaki?”

Ya sa yatsa ya taɓa inda idon yake, ya daɗe a haka. Murmushin ya tafi. Ya sunkuya yana laluben bandejin a ƙasa, bai same shi ba.

Inna ta goge hannunta a zane. Ta tako ta kama shi a wuyan hannu, yadda ake kama yaron da ke koyon tafiya, ta juya da shi wajen ɗakinta. Na bi su don in taimaka a bakin ƙofa, don akwai tudu. Ta tsaya, ta sa ɗaya hannun ta tare ni.

“Bari,” ta ce. “Ka kawo abin da ka kawo. Sauran ni za ni ɗauka.”

Ta shiga da shi, ta saki asabari.